Godiya ga Ofishin 'Yan Mazan Jiya da Ya Tsaya wa Surukina

Zuwa ga ma'aikatan ofishin taimaka wa tsofaffin sojoji na gundumarmu, jihar North Carolina, Amurka.

Gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri.

Da gangan na rubuta wannan wasiƙa da Hausa, ko da yake na san babu mai jin ta a ofishinku. 'Yata ta yi alkawarin juya muku ita zuwa Turanci. So nake 'yan'uwana na nan da na gida su fara jin abin da kuka yi wa surukina, domin mu a wurinmu in an yi maka alheri a gaban jama'a ake faɗa. Yaba kyauta tukuici.

Ni Bazazzagi ne, na fi shekara 25 a ƙasar nan. Maiɗakina Ba'amurkiya ce baƙar fata, kuma mahaifinta, wanda nake kira Baba tun ranar da aka ɗaura mana aure, yanzu shekararsa 93. Na san ya yi yaƙin Koriya, na san an kama shi. Iyakar sanina ke nan, kuma 'ya'yan cikinsa ma ba su fi ni sani ba. Yatsu uku na hannunsa na hagu a lanƙwashe suke, ko kofin shayi ba sa riƙewa, sannan akwai wani tabo a bayan kunnensa. In jikoki suka tambaye shi, sai ya ce tsohon ciwo ne, ya kawar da zancen.

Gero ne ya buɗe bakinsa. Bayan rasuwar surukata ya dawo gidanmu da zama, kuma a azumin shekarar na sayo fura a wurin wata baiwar Allah 'yar Maraɗi da ke yi wa jama'armu a Greensboro. Ina cikin dama ta a tebur gab da shan ruwa, Baba ya shigo da sandarsa, ya tsaya cik, ya juya ya fice baranda. Da na idar da Magariba na same shi zaune cikin duhu. Ya ce, "Ɗana, mene ne a cikin kwanon nan?" Na ce, "Gero ne, Baba." Ya yi shiru, can ya ce ya gane ƙanshin tun daga bakin ƙofa. Dafaffen gero da ɓarzajjen masara, ba gishiri ba mai, su ne abincinsu a sansanin fursunoni. Daren nan bai kwanta ba sai da aka kusa sahur, ni kuwa ban taɓa furar ba.

Yana da shekara 19 lokacin. Yana cikin bataliyar manyan bindigogi ta 503, a runduna ta 2 ta sojan ƙasa, bataliyar da sojojinta baƙaƙen fata ne, duk da cewa Shugaba Truman ya sa hannu a kan umarnin hana wariya a aikin soja tun 1948. Ita ce bataliyar Charles Rangel, wanda daga baya ya daɗe yana wakiltar unguwar Harlem ta birnin New York a majalisar wakilai. A ƙarshen Nuwamban 1950 sojojin Sin suka tare musu hanya a kusa da Kunu-ri, a Koriya ta Arewa, suka yi musu ruwan wuta daga kan duwatsu hagu da dama. Waɗanda aka kama aka tasa su gaba zuwa arewa, tafiyar dare cikin ƙanƙara, da rana a ɓoye su saboda jirage. A wannan tafiya wani abokinsa ya faɗi. Baba ya sunkuya zai ɗaga shi, mai gadi ya maka masa gindin bindiga a ka, da ya kai hannu zai kare, aka ƙara masa a hannun. Abokin nan a wurin aka bar shi. Baba ya ƙarasa sansani na 5 a Pyoktong, bakin kogin Yalu, inda yatsun suka haɗe yadda suka ga dama, ba likita ba ɗori. Daga cikin Amurkawa sama da 7,000 da aka kama a yaƙin, kimanin 2,700 a tsare suka mutu. Shi ya yi wata 32, aka sako shi a Panmunjom a Agustan 1953, cikin musayar fursunonin da ta biyo bayan tsagaita wutar 27 ga Yuli.

Na tambaye shi me ya sa bai taɓa faɗa ba. Ya ce wa zai faɗa wa? Amurkawa 21 sun ƙi dawowa, sun zaɓi zama a Sin, shi ya sa aka riƙa yi wa duk wanda ya dawo kallon ko an juya masa kai. Kuma gida ya dawo ya tarar da wariya tana nan daram: shekara bakwai bayan dawowarsa ne ɗalibai baƙaƙe huɗu suka zauna a wurin cin abinci na kantin Woolworth a Greensboro aka ƙi sayar musu da ko kofi. Ya ce mai hali irin nasa ya samu aiki ya kama bakinsa, shi ne hankali.

Washegari ya ɗauko min takardarsa ta sallama, wadda ake kira DD 214. A gurbin da aka tanada don raunukan da soja ya samu a hannun abokan gaba, an buga kalma ɗaya tak: babu. Na dubi takardar, na dubi hannun da ke riƙe da ita. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Akwai lambar girma da ake ba sojan Amurka da abokan gaba suka raunata ko suka kashe, sunanta Purple Heart. Asalinta tun George Washington a 1782, aka farfaɗo da ita a 1932. A zamanin su Baba ba a lissafa dukan da aka yi wa mutum a tsare. Sai a 1996 majalisa ta yi doka cewa duk fursunan yaƙin da aka raunata kafin 25 ga Afrilun 1962, ko a lokacin kamu ko a cikin sansani, a yi masa kamar yadda ake yi wa na bayansa. Baba bai san da dokar ba. Muka rubuta takarda da kanmu, ni da maiɗakina, muka aika inda muke zaton ya dace, amsa ta dawo cewa babu isasshiyar hujja. Da muka nemi fayil ɗinsa sai muka ci karo da gobara: a ranar 12 ga Yulin 1973 wuta ta kama bene na shida na ma'adanar takardun soja a St. Louis, ta cinye fayil tsakanin miliyan 16 zuwa 18, kuma kusan kashi 80 cikin 100 na sojojin ƙasa da aka sallama daga 1912 zuwa farkon 1960 sun tafi a ciki. Ba a ajiye kwafi ba. Baba ya ce mu bar maganar, ya rayu shekara 70 ba lamba. Da kyar maiɗakina ta lallashe shi muka zo wurinku.

Abin da na fara gani a ofishinku ba zan manta da shi ba. Ma'aikaciyar da ta karɓe mu, wadda ba zan ambaci sunanta ba don na san ba za ta so ba, ta lura Baba yana karkata kai in ana magana. Ta bar kujerarta, ta zagayo tebur, ta ja wata kujera ta zauna ta wajen kunnensa na dama, mai ji. Ta nemi izininsa kafin ta dubi hannun. Ta saurare shi kusan awa biyu ba ta duba agogo ba, sannan ta ce masa, "Na yarda da kai. Yanzu aikina in nemo abin da zai sa takarda ma ta yarda." Ba ta yi mana daɗin baki ba. Ta ce yunwa da ciwon gudawa da suka sha a sansani, duk da muninsu, ba su ake ba lambar ba, sai rauni daga hannun abokan gaba, kuma ta ce ana iya ƙin amincewa. Wannan gaskiyar ta fi kwantar min da hankali a kan kowane alkawari.

Daga nan na ga abin da ake kira sanin aiki. Ashe wutar ba ta ci komai da komai ba. Rahotannin safiya na rundunoni, waɗanda akawun kowane kamfanin soja ke cikewa kullum yana nuna wa ya zo, wa ya ɓata, wa ke asibiti, suna nan a naɗe a fim. Ta cike fom SF 180 na neman takardun soja, ta rubuta wa St. Louis tana faɗa musu daidai bataliya da kamfani da watan da za a duba, don kada a sa su laluben allura cikin ruwa. Bayan watanni aka turo shafin da sunan Baba ya fito cikin waɗanda suka ɓata a fagen daga. Ta bi ta asibitin tsofaffin sojoji ta samo tsohon hoton ƙashin hannunsa, ta kuma sa likita ya rubuta cewa irin wannan karaya ta dace da duka da abu mai nauyi. A nan dole in miƙa godiya ga ma'aikatan ma'adanar St. Louis. Mutane ne da ban taɓa gani ba, suna zaune suna ɓanɓare takardun da wuta ta lasa ruwa ya jiƙa, shafi bayan shafi, saboda tsofaffin da ba su sani ba. Daga cikin irin waɗannan aka samo mana rabin shafi na gwajin lafiyar da aka yi wa Baba bayan an sako shi, gefensa a ƙone, amma ana iya karanta inda likita ya rubuta tabo a kai da tsohuwar karaya a hannun hagu.

Saura shaida. Abokan zamansa duk sun riga mu gidan gaskiya. Ma'aikaciyarku ta ce wa maiɗakina ta binciki kayan mahaifiyarta, domin ta sha ganin matan sojoji ba sa yar da wasiƙa. Haka kuwa aka yi. A cikin wani gwangwanin biskit, ƙarƙashin zare da maɓallai, aka samu wasiƙar da wani da suka yi zaman sansani tare ya aiko wa Baba 'yan shekaru bayan dawowarsu, yana tambayarsa ko hannun da mai gadi ya fasa masa a hanya yana barinsa yin aiki. Da aka karanta wa Baba, ya karɓi takardar ya ɗora a gwiwa, ya ambaci sunan mutumin sau biyu.

Bayanin Baba na kansa sai da aka yi zama uku kafin ya kammala, domin in ya kai wurin abokinsa da ya faɗi sai murya ta ƙi. Biyu daga cikin zaman a falonmu aka yi, don sanyi ya hana shi fita, ita ta tako da ƙafarta. Ba ta taɓa ce masa ya yi sauri ba, ba ta kuma sa masa magana a baki ba. Inda ya ce ya manta, haka ta rubuta. Sannan ta cike fom DD 149 zuwa ga hukumar gyaran takardun soja ta rundunar ƙasa, wadda farar hula ke zama a cikinta. Ƙa'ida ita ce a kai kuka cikin shekara uku da gano kuskure, amma doka ta ba hukumar damar ɗage wa'adin in adalci ya buƙaci haka, kuma ta yi musu bayanin dalilin shirun Baba a shafi guda, ba ƙari ba ragi. Jira ya fi shekara. Kowane wata sai ta buga waya, ko da ba labari, ta ce ba labari, ta tambayi jikin Baba. Ni kuwa tsorona ɗaya ne, kada amsa ta zo ta tarar ba ya nan.

Ta zo ta same shi. Hukumar ta amince, ta ba da umarnin a gyara, aka aiko da takardar gyara mai suna DD 215, daga baya lambar ta biyo. 'Yar ƙarama ce, siffar zuciya, launin shunayya da gefe ruwan zinariya, da kan Washington a tsakiya. Ba albashi a tattare da ita. Ku kuka shirya ɗan taro a ofishinku, wani hafsa ya zo ya maƙala masa ita a ƙirji a gaban 'ya'ya da jikoki da tattaɓa-kunne. Baba ya ƙi zama a keken guragu, ya miƙe a kan sandarsa, ya sara.

Bayan kwana biyu na kai wa ma'aikaciyar kilishi da turare, kamar yadda muke yi a gida. Ta yi godiya, ta mayar min, ta ce aikinta ne kuma an riga an biya ta. Tun daga ranar farko har ta ƙarshe ko sisi ba ku karɓa a hannunmu ba. Na tuna tsofaffin 'yan Bama da na taso na gani a Zariya, da lambobinsu a aljihun riga, na yi ta tunanin nawa ne daga cikinsu suka tafi da labarinsu ba wanda ya ja kujera ya zauna ta wajen kunnensu mai ji.

'Yan'uwana da ke ƙasar nan, da yawa daga cikin yaranmu sun shiga aikin soja, wasu kuma mun haɗa zuri'a da gidajen tsofaffin sojoji. Ku adana DD 214 kamar yadda kuke adana fasfo. In kun ga kuskure a cikinta, ku nemi irin wannan ofishi a gundumarku kafin ku kai kuɗinku wurin kowa, kuma ku tafi da duk wata tsohuwar wasiƙa ko hoto, komai ƙanƙantarsa.

Lambar tana cikin akwatinta a falo, jikoki na zuwa suna kallo. Takardar gyaran ce Baba ya ajiye a gefen gadonsa, cikin leda. Da safe in na kai masa shayi, nakan tarar ya sa tabarau yana bin layin da aka ƙara masa da lanƙwasasshen yatsansa.

Allah ya saka muku da alheri, ya raya muku zuri'a, ya ba ku masu tsaya muku a ranar da ƙarfinku ya ƙare.

Naku da godiya,
Surukin wani tsohon soja,
North Carolina, Amurka.