Bayan dashen ƙoda, wa zai saya wa yaro magani?

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni ɗan fili in yi magana kan yaran da ƙodarsu ta daina aiki. Ɗan ƙanena mai shekara 9 yana cikinsu.

Tun yana jariri fitsari ke ba shi wuya, ashe da toshewar hanyar fitsari aka haife shi. Muka tsaya jiƙe-jiƙe har ƙodojin suka lalace. Yanzu wankin ƙoda ake masa. Ƙa'ida sau uku a mako, mu kuwa sai ranar da aljihu ya yarda. Likita ta ce dashe ne mafita, domin yaron da ke kan wanki ba ya girma kamar tsaransa.

Dashe ba baƙo ba ne a ƙasar nan. An fara a Legas a 2000, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ya biyo baya a 2002. To amma ina ƙodar? Ba mu da tsarin karɓar ta mamaci irin na Ingila, sai dai mai rai ya bayar. Dokar lafiya ta 2014 ta hana cire ta ɗan ƙasa da shekara 18, ta kuma hana cinikinta, kuma na yarda da hakan. Uwar yaron ta ce a cire tata, jini bai dace ba. Na uban ya dace, sai dangi suka taso: shi ke jan keke napep, in ya kwanta wa zai ciyar da sauran yara huɗu?

Abin da ya fi hana ni barci shi ne bayan tiyata. Kuɗin aikin, duk da miliyoyi ne, ana iya tara shi a masallatai da Facebook. Amma yaron da aka yi wa dashe zai sha maganin hana jiki ƙin sabuwar ƙodar safe da yamma, muddin tana jikinsa. Ya yi fashi, ƙodar ubansa ta tafi a banza. Wa zai yi ta yawo da ƙoƙon bara wata bayan wata, shekara da shekaru?

A 2025 Gwamnatin Tarayya ta rage kuɗin wanki daga naira 50,000 zuwa 12,000 a wasu asibitocinta. Madalla. Roƙona ga hukumar inshorar lafiya ta ƙasa da takwararta ta Filato shi ne su ɗauki nauyin wannan magani ga yara, ko ƙanena ya samu ƙarfin halin sa hannu a takardar bayar da ƙodarsa.

Naka,
Wani mai karatu, Unguwar Rogo, Jos