Wasiƙar Godiya Ga Dillalan Gidaje Na Bakin Titin Gwarzo

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Zuwa ga Alhaji, shugaban ofishin dillancin gidaje da filaye da ke bakin titin Gwarzo daf da Rijiyar Zaki, da yaransa, da lauyan da ke aiki tare da su.

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, na rubuto wannan takarda ne a bainar jama'a domin yabon gwani ya zama dole. Alhaji, ka ce kada in sa sunanka, kuma na bi abin da ka ce. Mutanen wannan yanki dai sun san ofishin da nake nufi.

Ni malamar firamare ce da na yi ritaya. Mai gidana ya rasu ya bar ni da yara a gidan haya a Ɗorayi. Abin da na tara na sayen gida ba mai yawa ba ne: garatutina, da tumunin takaba da ya faɗo mini, da kwasar adashe, da kuɗin sarƙar gwal ɗin da na sayar. Duk wanda ya san irin wannan kuɗi ya san sau ɗaya yake haɗuwa a hannun mutum. In ya salwanta, babu shekarun da za a sake tara wani.

Kuma kowa ya san halin da kasuwar gidaje ta shiga a Kano. A farkon 2023 canjin kuɗi ya sa tsabar kuɗi ta ɓace a hannun mutane. Ranar 29 ga Mayu aka cire tallafin man fetur, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Yuni aka yi rushe-rushen gine-gine a cikin birni, sai mai saye ya fara tambayar kansa ko takardar da za a ba shi za ta kare shi. Zuwa Fabrairun 2024 dala ta wuce naira 1,500, buhun siminti ya haura naira 10,000. Mai gida ya duba abin da zai kashe in zai sake gina irin gidansa, sai ya fasa sayarwa ko ya faɗi farashin da ba mai taya shi. Mu masu ɗan abin hannu kuma muna ji muna gani kuɗinmu na narkewa kamar ƙanƙara a rana. Sai a 2025, da dala ta ɗan tsaya wuri ɗaya, aka fara jin ana cewa wane ya sayar, wance ta saya.

A ganina wannan lokaci na farfaɗowa ya fi lokacin tsayawar kasuwa haɗari ga mai saye irina. Kowa ya zama dillali: mai shayi yana da gida a hannu, mai gyaran waya yana da fuloti. Gidajen da suka daɗe ba a taya su ba saboda wani aibi, sai a shafa musu fenti a fito da su. Kalma ɗaya ce a bakin kowa: “Hajiya, ki yi sauri, akwai wanda zai kawo kuɗi gobe.” A cikin wannan hayaniya wata abokiyar aikina ta dā ta kawo ni wajenku.

Babban abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne gidan Ɗanbare, wanda kuka hana ni saye.

Gidan ya kwanta mini ƙwarai. Ɗaki uku da falo, da zaure, da rijiya mai ruwa, ga bishiyar darbejiya a tsakar gida, ga shi ba nisa da sabuwar jami'ar Bayero inda ɗana yake karatu. Farashin ma ya yi daidai da abin da ke hannuna, har da ɗan rara. Na ce a karɓi kafin alƙalami a ranar. Alhaji, ka ce in dakata, domin gidan gado ne, kuma ba ka gama ƙirga magada ba. Wanda ya kawo gidan shi ne babban ɗa, ya zo da ƙannensa maza biyu, duk sun ce sun yarda. Ba ka tsaya a kan maganarsu ba. Ka je wajen mai unguwa, ka je wajen limamin masallacin layin, ka tambayi tsofaffin maƙwabta 'ya'ya nawa marigayin ya bari. A nan aka gano akwai 'ya mace daga wata matar, tana aure a Jidda, kuma ba wanda ya sanar da ita za a sayar da gidan mahaifinta. Ba a kuma kai rabon gadon gaban alƙali ba.

Ka zaunar da ni ka yi mini bayani da Hausar da zan gane. Ka ce rabon wannan baiwar Allah yana nan a cikin gidan, ko da rabin na namiji ne, kuma ba wanda ya isa ya sayar da shi ba da yawunta ba. Lauyanku ya ƙara da cewa a fiƙihun Malikiyya abokin tarayya a gidan da ba a raba ba yana da haƙƙin shufu'a, wato ya mayar wa mai saye kuɗinsa ya karɓi abin da aka sayar, kuma wanda ba ya gari haƙƙinsa ba ya faɗuwa don bai sani ba. Ma'ana, da na biya na tare, wata rana sai sammaci ya same ni a ɗakina. Ka kira su ka ce su nemo yardar 'yar'uwarsu a rubuce, ko su je kotu a yi rabo. Suka ce abin zai ja lokaci. Ka ce to ba da hannunka ba, ka mayar musu da takardunsu.

La'adar da za ku samu a wannan gida ta fi wadda kuka samu a wanda na saya daga baya, domin ya fi shi tsada. Ni kuma a shirye nake in biya, ba wanda zai zarge ku in abin ya ɓaci, tunda ni na matsa. Duk da haka kuka bar kuɗin. Kuma ba ni kaɗai kuka kare ba. Kun kare wata mata da ba ku taɓa gani ba, wadda ba za ta taɓa biyan ku sisin kwabo ba.

Gida na biyu bai ɗauke mu lokaci ba. Yaronku ya ce mu jira ruwan sama. Da aka yi ruwa mai ƙarfi a watan Agusta ya je ya ɗauko mini bidiyon lungun, ruwa har gwiwa, kwata ta cika tana komawa cikin gidaje. Maganar ta mutu a nan.

Na uku shi ne wanda nake zaune a ciki yanzu, a nan Rijiyar Zaki. Ina so in faɗi yadda wannan yaro ya duba shi, domin iyaye su ji irin tarbiyyar da ake yi a ofishinku. Ya aro tsani a maƙwabta, ya cire allon silin ɗaya ya leƙa da fitilar wayarsa, yana dukan katakon rufi da maƙulli yana saurare, ko gara ta cinye cikinsa. Ya sauko da ƙura har gira, ya ce katako biyu na ɗakin kudu sun tafi, sauran lafiya. Ya kankare fentin gindin bango da farce ya ga ko sanyi na tasowa daga ƙasa. Ya ɗaga murfin masai, ya auna da ƙafa tazarar da ke tsakaninsa da rijiya. Ya karɓi lambar mitar wuta ya je ofishin KEDCO, kamfanin rarraba wutar lantarki, ya dawo da labarin cewa akwai tsohon bashi a kanta. Duk wannan ya faɗe shi a gaban mai gidan, ba a bayan idonsa ba, kuma aka cire kuɗin katakon da na bashin daga farashi.

Cinikin ma a fili aka yi shi. Na sha jin yadda wasu ke yi: mai gida ya sallama a wani farashi, dillali ya faɗa wa mai saye wani, ya haɗiye abin da ke tsakani sannan ya karɓi la'ada ta kowane ɓangare. Shi ya sa ba sa yarda mai saye da mai sayarwa su haɗu. Ku kuwa kun zaunar da mu a tabarma ɗaya, ni da ƙanena da mai gidan da ɗansa. Na taya, ya ce albarka. Na ƙara, ya sake cewa albarka. Alhaji, ka sa baki ka ce wa kowannenmu ya ɗan matso, har Allah ya sa ya ce ya sallama. La'adarku kuma tun ranar da na fara zuwa aka rubuta mini ita a takarda, ba ta ƙaru ba, ba a kuma ɓullo da kuɗin ganin gida ko kuɗin mai ba.

Sai maganar takardu, wadda ita ce ta fi tsorata ni. Kafin in zo wajenku na san dai akwai awon igiya akwai awon gwamnati, amma ban san nisan da ke tsakaninsu ba sai da lauyanku ya warware mini. Ya ce tun Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, abin da ake ba mutum shi ne takardar shaidar mallaka ta wa'adi, galibi shekara 99 ga gidan zama. Ya ce ko an biya kuɗi an sa hannu, canjin mallaka bai cika a idon doka ba sai an nemi amincewar gwamna. Mutane da yawa suna tsayawa ne a takardar ciniki da hatimin mai unguwa, su jefa a ƙasan akwati, sai 'ya'yansu su gaji wahala. Kafin in fitar da ko naira ɗaya, ya je KANGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filaye ta jihar Kano, ya yi bincike a kan lambar fulotin: sunan wa ke kan fayil, ko an jinginar da takardar a banki, ko akwai bashin harajin ƙasa, ko an shigar da ita cikin aikin sabunta takardun mallaka da gwamnatin jiha ta fara a ƙarshen 2024. Ya kuma duba ko ginin ya ci hanya ko magudanar ruwa a tsarin unguwar, domin kada wata rana in wayi gari da jan fenti a bangona. Sai da komai ya fito fes sannan muka je banki tare, aka tura kuɗin kai tsaye zuwa asusun mai gidan, bai biya ta hannun kowa ba.

Duk da haka ba ku yar da tsarin gargajiya ba. An rubuta takardar ciniki da iyakoki huɗu, wane a gabas, wane a yamma, wane a kudu, hanya a arewa. Maƙwabta sun shaida, mai unguwa ya sa hatimi. Wannan ya yi mini daɗi, domin waɗannan mutane su zan riƙa gaisawa da su safe da yamma, kuma su ne za su tsaya mini in wani ya zo da wata magana.

Akwai kuma abin da ya shafe ni a matsayina na mace. An sha gaya mini a wasu wurare cewa in turo namiji a yi magana da shi. A ofishinku da ni ake magana, ni ake tambaya ko na gane, kuma kowace takardar Turanci sai an karanta mini an fassara kafin in sa hannu, duk da cewa ina iya karantawa da kaina. Da wani daga cikin dangi ya ba da shawarar a rubuta gidan da sunan babban ɗana, Alhaji, ka ce kuɗin wa aka biya? Aka ce nawa. Ka ce to da sunana za a rubuta, in ina son yin kyauta ga ɗana wannan wata takarda ce daban, kuma in tuna ina da 'ya'ya mata. Ban ce komai ba a lokacin, amma maganar ta zauna mini a rai.

Ina da roƙo guda biyu. Na farko, ku ƙara ɗaukar matasa ku koya musu wannan aiki yadda kuke yin sa, domin unguwanninmu na ta faɗaɗa ta Janguza da Zawaciki da Gaida, kuma masu saye a can galibi masu ƙaramin ƙarfi ne da ba su san ƙofar lauya ba. Na biyu, in da hali ku ware wata rana ku riƙa zama da 'yan fansho kuna yi musu irin bayanin da kuka yi mini. Abokan aikina da dama suna karɓar garatutinsu yanzu, kuma masu jiran su a bakin banki sun fi masu ba su shawara yawa. Na riga na turo muku biyu daga cikinsu, wata kuma za ta zo bayan sallah tare da ɗanta, tana neman ciki da falo ta wajen Kabuga ko Tudun Yola in kuɗinta ya kai.

Takardar neman amincewar gwamna tana kan hanya, kuma lauyanku yana kirana ya sanar da ni duk matakin da ta kai, ko da yake aikinku ya ƙare tun ranar da na karɓi maƙulli.

Allah ya saka muku da alheri, ya sa albarka a cikin kasuwancinku, ya jiƙan iyayenku, ya shirya muku zuri'a. Yaron nan da ya hau tsani, Allah ya ba shi gidan kansa da mace tagari. Amin.

Wassalam.

Taku mai godiya,
Malamar firamare mai ritaya,
Rijiyar Zaki, Kano.