Idan lissafin ofishin lauya ya ƙi dacewa da na banki

Ya Edita,

Ina roƙon fili in ja hankalin akantocin ofisoshin lauyoyi kan wata ɗabi'a mai haɗari. Wata ya ƙare, adadin da manhajar lissafin kuɗi irin su QuickBooks ko Sage ta nuna ya saɓa da takardar bayanin banki, sai a ƙirƙiro shigarwa guda a toshe giɓin. Giɓin yana nan, an dai rufe shi da tabarma. Kuma kuɗin da ke asusun waɗanda lauya ke wakilta amana ne, shi ya sa dokokin asusun lauyoyi na 1964 suka wajabta raba shi da na ofis.

A fara da adadin buɗewa, wato kuɗin da manhaja ta nuna a asusun a farkon wata. Idan bai yi daidai da na rufewar watan jiya ba, wani ya goge ko ya gyara shigarwar da aka riga aka daidaita. Tarihin gyare-gyare na manhajar zai nuna wanda ya taɓa ta da ranar.

Sannan a duba girman giɓin, domin yakan faɗi asalinsa. In ya rabu da 9 ba saura, galibi lambobi aka juya: an rubuta 450,000 a maimakon 540,000, bambanci 90,000. In rabin giɓin ya yi daidai da wani kuɗi da ke takardar banki, an shigar da shi a ɓangaren da ba nasa ba. Naira 75,000 da suka shigo aka rubuta sun fita za su haifar da giɓin 150,000. Ƙananan giɓi kuwa cajin banki ne da ba a shigar ba: naira 50 kan taransifa ta naira 10,000 zuwa sama, kuɗin alat, kuɗin kula da asusu, da harajin VAT na kashi 7.5 a kan cajin. In a asusun amana aka cire su, ofis ne zai mayar daga aljihunsa.

Akwai wanda ke wahalar da mutane sosai. Kamfani ya biya kuɗin aikin lauya naira miliyan ɗaya, ya cire kashi 5 na harajin da mai biya ke riƙewa ya kai wa hukumar haraji, naira 950,000 suka shigo, manhaja kuma tana jiran miliyan cif. Waɗannan naira 50,000 a kai su shafin haraji, a kuma nemi takardar shaidar cirewa daga kamfanin.

Masu sauke bayanan banki kai tsaye cikin manhaja su lura da biyu: shigarwa ta maimaitu saboda sakatare ya riga ya rubuta ta da hannu, ko manhaja ta karanta 03/04 a matsayin 4 ga Maris, yadda Amurkawa ke rubutawa, alhali 3 ga Afrilu ne. Cek ɗin da aka bayar ba a kai banki ba a bar shi a jerin masu jira, sai ya wuce wata shida a soke shi.

Ko banki da manhaja sun dace, da sauran aiki. A tara ragowar kuɗin kowane mutumin da ofis ke wakilta ɗaya bayan ɗaya, jimlar ta yi daidai da adadin nan biyu. Shafin da ya nuna ƙasa da sifili yana nufin an biya wa wani da kuɗin wani, kuma irin wannan na iya kai lauya gaban kwamitin ladabtar da lauyoyi. Babban lauyan ofis ya sa hannu a takardar daidaitawar kowane wata da kansa.

Naku,
Wani akanta,
Kano