Zuwa ga ɗalibin da ya tambaye ni ko zaman shiru ibada ne

Assalamu alaikum, ɗana.

Ranar Asabar da ta wuce, a ƙarshen laccar da na yi kan sulhu a lokacin yaƙi, ka miƙe daga layin baya ka yi mini tambaya a bainar jama'a. Na ambaci 'yan Kweka, sai ka ce: "Malam, mutanen da aka ce ba su da limami, ba huɗuba, ba waƙa, sai dai su taru su yi shiru su watse, ta ina wannan ya zama ibada? Anya ba marasa addini ba ne suka samu suna mai daɗi?" A daidai nan aka kira la'asar, na ba ka guntuwar amsa wadda ni kaina ba ta gamsar da ni ba. Ban riƙe sunanka ba, kuma tunda a fili ka tambaya, bari in amsa a fili.

Ka dai san ni Musulmi ne, ban zo in tallata maka aƙidar kowa ba. Amma na zauna da mutanen nan a Birmingham lokacin da nake karatu, na ci abincinsu, kuma ba zan iya jin an ce ba su da addini in kama bakina ba.

Asalinsu Kiristoci ne na Ingila. Wanda ya assasa tafiyar, George Fox, ɗan masaƙi ne da aka haifa a 1624, ya taso ƙasar tana cikin yaƙin basasa da rigimar ɗariƙun coci. Ya bi malaman coci ɗaya bayan ɗaya da damuwar da ke cin ransa, ba wanda ya ba shi abin da ya kwantar masa da hankali. A 1647 ya ce ya ji a zuciyarsa cewa Almasihu da kansa shi ne mai iya magana da halin da yake ciki. A kan wannan aka gina komai: sun yi imani akwai wani haske daga Allah a cikin kowane ɗan Adam, namiji ko mace, bawa ko ɗa, kuma wanda ya natsu ya saurara zai samu shiriya ba tare da wani ya tsaya tsakani ba. Sunan da suka ba kansu shi ne Abokai, daga wata aya ta Linjilar Yahaya. Kweka kuwa sunan zolaya ne, ma'anarsa mai makyarkyata. Wani alƙali a Derby ya laƙaba musu shi a 1650, bayan Fox ya ce masa ya yi rawar jiki a gaban maganar Ubangiji.

Ranar da na fara shiga ɗakin taronsu, wata Lahadi ce da sanyi. Kujeru a zagaye, tebur a tsakiya da furanni da Littafi Mai Tsarki, ba mumbari, ba gicciye, ba hoto. Ba wanda ya buɗe taro. Duk wanda ya shigo sai ya nemi wuri ya zauna. Minti goma na farko sun yi mini tsawo ƙwarai, ina jin motsin agogo da tarin wani tsoho, zuciyata tana ta kai-komo tsakanin kuɗin haya da jarrabawa. Can sai na lura shirun nan ba irin na ɗakin jiran likita ba ne. Mutum talatin ne suke jiran abu ɗaya tare, kuma ana jin hakan a jiki. Bayan kamar rabin awa wata dattijuwa ta miƙe ta yi magana, ba ta fi jimla huɗu ba, a kan wata maƙwabciyarta da ta daɗe tana riƙe da ita a zuciya. Ta zauna. Ba wanda ya tanka, ba wanda ya yi mata gyara ko ƙari, aka bar maganar ta nutse. Da awa ta cika, dattawa biyu suka yi musabaha, kowa ya juya ya gaisa da na kusa da shi, aka tashi shan shayi.

To ka ga, a wurinsu shirun sauraro ne. Suna ganin mutum ya cika gaya wa Allah buƙatunsa, bai cika tsayawa ya ji abin da ake nema daga gare shi ba. Kai da ka taɓa i'itikafi a goman ƙarshe, ko ka zauna bayan asuba kafin gari ya waye, wannan natsuwar ba baƙuwa ba ce a wurinka, duk da cewa mu tamu tana da ƙa'idoji da lafuzzan da aka koya mana, kuma ba ta maye gurbin salla. Nan muka rabu da su, rabuwa ta gaske. Ni ban yarda abin da mutum ya ji a zuciyarsa ya isa hujja shi kaɗai ba. Su ma sun san haɗarin, shi ya sa duk wanda ya ce an nuna masa wani aiki sai ya kawo gaban jama'a a auna. Ko a taron shawara ba sa kaɗa ƙuri'a. Magatakarda yana sauraro, ya rubuta abin da yake ganin zukata sun haɗu a kai, ya karanta a wurin. In ba a haɗu ba, a ɗage, ko da shekara nawa za a yi.

Akwai gyara ɗaya a tambayarka. Ba dukansu ke ibadar shiru ba. A duniya ba su wuce dubu ɗari huɗu ba, kuma ƙasar da ta fi yawansu yau ita ce Kenya, inda 'yan mishan daga Amurka suka sauka a Kaimosi a 1902. Can akwai fasto, akwai wa'azi da waƙa. Masu shirun su ne 'yan kaɗan, galibi a Birtaniya da wasu sassan Amurka, kuma a cikinsu yau har akwai waɗanda ba sa kiran kansu Kirista. Sannan gwangwanin Quaker Oats da kake gani a kanti ba nasu ba ne. Kamfanin ya ari sunan ne saboda an san mutanen da gaskiya a ciniki.

Wannan gaskiyar ita ce ta fi kama ni. Sun ƙi rantsuwa kwata-kwata, ko a gaban alƙali, domin a ganinsu mai rantsuwa ya yarda kenan yana da magana iri biyu, ta rantsuwa da ta yau da kullum. I ɗinsu i, a'a ɗinsu a'a. Sun ƙi cire hula ga manya, sun ƙi biyan harajin coci. A kan waɗannan aka ɗaure dubbai, ɗaruruwa suka mutu a kurkuku kafin dokar sassauci ta 1689. Fox kansa sau takwas ana rufe shi. A Boston ta Amurka an rataye wata 'yar Kweka, Mary Dyer, a 1660 don ta ƙi daina dawowa garin bayan an kore ta. Ɗana, mutum ba ya miƙa wuyansa ga igiya a kan abin da bai ɗauka addini ba. A kasuwa kuma kuɗin kayansu ɗaya ne, ba tayi, ba ragi, yaro da babba farashi guda. Duk lokacin da na ji an jera wallahi tallahi a kan kuɗin da aka saro atamfa, sai na tuna da su, in ji kunya, don mu ma an hane mu da yawan rantsuwa a ciniki.

Akwai labarin da nake so ka riƙe. Mary Fisher 'yar aikin gida ce daga Yorkshire. A 1656 hukumomin Boston suka tsare ta, suka ƙone littattafanta, suka tuɓe ta suna neman alamar maita. Shekara biyu bayan haka ta kama hanya har sansanin Sarkin Daular Usmaniyya, Muhammadu na Huɗu, kusa da Edirne, ta ce tana da saƙo daga Allah. Sarkin ya karɓe ta da mutunci, ya saurare ta har ta gama, ta tafi lafiya. Abin da 'yan'uwanta Kiristoci suka hana ta, a fadar Musulmi ta same shi.

Ba zan wanke su tas ba. William Penn, ɗan Kwekan da ya kafa Pennsylvania a Amurka, ya mallaki bayi. An rubuta takardar farko ta ƙin bauta a cikinsu a Germantown da ke Pennsylvania a 1688, amma sai 1776 taron Philadelphia ya yanke korar duk mai riƙe da bawa. Shekara 88 kenan ana jiran zukata su haɗu, mutane suna cikin sarƙa. Wannan jinkirin yana ci mini rai. Sai dai da suka tsaya, sun tsaya da gaske: cikin mutum 12 da suka kafa kwamitin yaƙi da cinikin bayi a Landan a 1787, tara 'yan Kweka ne. Iyalan Cadbury, 'yan Kwekan da suka kafa kamfanin da ke yin Bournvita ɗin da muke sha, su ma sun ɗauki shekaru suna sayen koko daga Sao Tome, inda ake aikin tilas, kafin su daina a 1909.

Abin da ya kawo su cikin laccata shi ne ƙin ɗaukar makami. Tun zamanin Sarki Charles na Biyu suka shelanta cewa ba za su yi yaƙi don kowace masarauta ba, kuma aikin agajinsu a yaƙe-yaƙen duniya ya sa aka ba ƙungiyoyinsu biyu kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1947. A nan ma ban bi su har ƙarshe ba, don na yarda wanda aka zalunta yana da haƙƙin kare kansa. Amma a yaƙin basasarmu na 1967 zuwa 1970, mutum uku daga cikinsu, Adam Curle da John Volkmar da Walter Martin, sun yi ta kai saƙo tsakanin Janar Gowon da Ojukwu, suna shiga jiragen da ke sauka Biyafara cikin dare. Ba su ne suka tsayar da yaƙin ba. Ɓangarorin biyu dai sun bar musu ƙofa a buɗe, saboda an san ba su da bindiga, ba su da gwamnati a bayansu, kuma abin da aka faɗa musu shi za su isar ba ƙari ba ragi. Na tabbata wannan iya sauraron a ɗakunan shirun nan suka koyo shi.

A lacca ta gaba zan tsaya a kan tafiye-tafiyen mutanen nan uku. Ka zo da wuri ka zauna a gaba, in akwai inda amsar nan ba ta gamsar da kai ba, ka sake tashi ka faɗa.

Wassalam,
Malaminka.