Amsa ga mai tambaya a kan doki biyu a wasan ces

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

Na ga wasanku na kulob da ka wallafa, inda ka riƙe baƙi aka cinye ka. Ka tambaya ko 3...Nf6 ne ya jawo, ko ka bar wannan buɗi, wato salon fara wasa da ake kira doki biyu. Kada ka bar shi. Ɓarnar a taku na biyar take.

Ga yadda kuka taka (N doki, B giwa, Q sarauniya, K sarki; in ba babban harafi, soja ne; x ci ne, + kuma hari a kan sarki): 1.e4 e5 2.Nf3 Nc6 3.Bc4 Nf6 4.Ng5 d5 5.exd5 Nxd5 6.Nxf7 Kxf7 7.Qf3+ Ke6 8.Nc3.

Jera wannan a kan allo ka dubi d5. Dokinka ba ya iya motsi, don giwar c4 ta ɗaure shi da sarkin da ke bayansa. Uku ne suka taru a kansa: giwa, sarauniya da dokin c3. Masu tsaronsa biyu ne, ɗayansu ma sarki ne da kansa, tsaye a tsakiyar fili. Ka yi 8...Ne7, fari ya yi 9.d4 ya buɗe tsakiya, shi ke nan ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Da 8...Nb4 ka yi, da an ɗan ja. Tarkon tsoho ne, yana cikin wani wasan Polerio, ɗan wasan ces na Italiya, a Rum wajen 1610.

Abin yi a taku na biyar shi ne 5...Na5, ka kori giwar, ka haƙura da soja ɗaya. Yawanci sai 6.Bb5+ c6 7.dxc6 bxc6 8.Be2 h6 9.Nf3 e4 10.Ne5 Bd6. Ƙirga da kanka: cikin taku goma, fari ya kashe huɗu a kan doki guda, uku a kan giwa guda, ɓangaren sarauniyarsa kuwa ko motsi bai yi ba. Ladan sojan ke nan. In ya kuskura ya yi 8.Ba4, sai h6 9.Nf3 e4 10.Ne5 Qd4, sarauniyarka ta kai wa giwa da doki hari lokaci guda.

In bayar da soja ba ya maka daɗi, yi 3...Bc5. A nan 4.Ng5 kyauta ce, sarauniyar d8 za ta ɗauke dokin.

Batun nazari kuma: ka riƙa maimaita wasan da hannunka tukuna, ka rubuta abin da kake tsoro a kowane taku, sannan ka kunna Stockfish, injin nazarin ces, a shafin ces na Lichess ka gwada. Shi injin, lamba zai ba ka, ba zai gaya maka dalilin da ya sa hannunka ya tafi d5 ba.

Wassalam.