Gida Mai Sashe Biyu: In Saya Ko In Dakata?

Assalamu alaikum Malam,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, Allah ya ƙara basira. Ni ma'aikacin gwamnatin tarayya ne a nan Kano, da mata ɗaya da yara uku. Shekarata 11 ina zaman haya a Hotoro, bana ma mai gida ya sake ƙara mini kuɗi. Shi ya sa na ƙudurta sayen gida mai sashe biyu, in zauna a ɗaya in zuba 'yan haya a ɗayan, kuɗin hayar ya riƙa rage mini nauyin bashi. Na sayar da filina na Janguza, na haɗa da kuɗin adashi, abin da ke hannuna ya ɗan haura rabin kuɗin gida.

Gidaje biyu ne suka tsaya mini a rai. Na farko yana Ɗanbare, kusa da sabuwar Jami'ar Bayero, inda ba a rasa mai neman haya. Kowane sashe da ƙofarsa, kuma yana da takardar shaidar mallaka, har KANGIS, hukumar adana bayanan filaye ta Jihar Kano, na je aka duba mini ita. Sai dai ya fi ƙarfin aljihuna.

Na biyun bene ne a Sheka, da sauƙin kuɗi har kana mamaki. Gidan gado ne, magada tara, ɗaya ma yana Saudiyya, kuma takardar ciniki ce kawai mai sa hannun mai unguwa. Ranar da muka je dubawa na ga an shafe bangon ƙasa da sabon fenti, na kankara da makullin babur, sai ga gishiri yana zubowa kamar gari. Mitar wuta ɗaya, tankin ruwa ɗaya, matattakalar benen kuma ta tsakar gida ta bi. Maiɗakina ta kalle ta, ta kalle ni, ta ce ita ba za ta riƙa shanya da hijabi a cikin gidanta ba. Ban ga laifinta ba, amma araha ta riga ta shiga idona. Dillalin kuwa kullum sai ya kira: "Alhaji, kana jan ƙafa wani zai ɗauke." Ni da ko Umara ban je ba.

To, ga inda kaina ya kulle. Tun da na kama aiki ake cire mini kashi 2.5 cikin 100 na tushen albashina zuwa asusun gidaje na NHF. Na san FMBN, bankin rancen gidaje na gwamnatin tarayya, na ba da rance a kan ruwa kashi 6, a biya har tsawon shekara 30, amma sai gida mai cikakkiyar takarda, wato na Sheka ya fita ke nan. Mahaifina kuma da ya ji kalmar ruwa ya ce kada in kuskura in kwantar da jikokinsa a gidan riba. Na leƙa tsarin ijara, wato banki ya saya ya ba ka haya har ka mallaka, irin na bankunan Musulunci na Jaiz da TAJ, lissafin wata-wata ya ba ni tsoro. Wani abokin aiki ya tuna mini cewa tun 2022 hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta yarda ma'aikaci ya ciri har kashi 25 na kuɗin fanshonsa ya zuba a rancen gida. Malam, dabara ce mutum ya taɓa guzurin tsufansa saboda wannan?

Wani abin kuma, tun ban saya ba ɗan yayata ya riga ya ce shi zai kama ɗaya sashen in ya yi aure. Na san halinmu. Shekarar farko zai biya, ta biyu ya kawo rabi da haƙuri, ta uku in na yi magana Yaya ta ce na ci zumunci. Banki kuwa bai san Yaya ba. Ta yaya zan ce masa a'a ba tare da an kai ƙarata gida ba?

In har na Sheka zan saya da kuɗin hannu da ɗan rancen 'yan'uwa, me ya kamata in nema daga magadan kafin in ba da ko sisi? Takardar rabon gado daga kotu ta wadatar, ko sai kowannensu ya sa hannu a gaban lauya, har da na Saudiyyan? Dillalin ya ba ni zuwa Juma'a in kawo kafin alƙalami, don Allah a taimaka a karanta wasiƙata kafin ranar.

Naka mai saurare,
daga Hotoro, Kano