Baƙon naku na ranar Asabar da wa yake magana?

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na rediyo na ranar Asabar, wanda baƙonku ya ba da shawarwarin rage kuɗin wuta da gas, har ƙarshe, ban ma tashi cin tuwo ba, amma wallahi raina ya ɓaci. Wai a kashe na'urar sanyaya ɗaki in za a fita, a rage kunna injin wanki, a daina barin na'urar dafa ruwan wanka tana aiki dare da rana. Ruwan wanka, a Garwa, arewacin Kamaru! A watan Afrilu da zafi ke haura digiri 40, ruwan randa ma sai ka jira ya huce. Shin mutumin nan ya taɓa shiga gidan haya kuwa?

Gidan da nake ɗaki tara ne, mita ɗaya. Ni aka ɗora wa haɗa kuɗin wuta duk wata, don haka abin da nake faɗa a hannuna yake wucewa. Wanda bai haura kilowat 110 a wata ba, sefa 50 ake sayar masa da kilowat ɗaya. Da an haura, farashi ya koma 79. Kowane ɗaki a cikinmu da shi kaɗai ne, ƙwai biyu da fanka da cajin waya ba za su kai shi 110 ba. Amma da yake an ɗaure mu a mita ɗaya, kullum a farashin sama muke, kamar wani alhaji mai bene. Ko sau ɗaya baƙonku bai taɓo wannan ba.

Ya ce a sauya ƙwai zuwa LED, masu ƙarancin shan wuta. Na sauya tun bara, da kuɗina. Me ya ragu? Ko dala. A gidanmu ƙirga ƙwai da fanka ake yi a raba kuɗi, ba a tambayar wane iri ne. Mai tsohon ƙwai mai zafin nan da ni, kuɗinmu ɗaya. Ga maƙwabciyata mai firiza tana sayar da ƙanƙara, in na ce ta ƙara wani abu sai ta ce marayu take ciyarwa, kuma gaskiya ta faɗa. Watan jiya saura kaɗan mu daina gaisawa. Sannan a ce mu rage shan wuta, wutar da in ruwan madatsar Lagdo ya ja baya sai mu wuni mu kwana ba mu gan ta ba, takardar kuɗi kuwa ba ta taɓa makara.

Abin da muke son ji shi ne yadda ɗan haya zai samu mitansa na kansa, ko mai kati ne, ko ƙaramin mitan nan da ake sa wa kowane ɗaki ya nuna abin da ya sha. Nawa ne? Sai da sa hannun mai gida? Ku kawo wanda zai amsa wannan, ku kuma buɗe layi mu yi masa tambaya da bakinmu.

Gas kuwa, ya ce tukunyar kilo 12.5 sefa 6,500 ce. A takarda haka ne. Ya zo ya saya mini a haka ranar da ta yi wuya a gari. Uwargidana ba ta jira wani masani ba: wake tun dare take jiƙa shi, ta jefa kanwa, ta rufe tukunya. Shayi da ɗumame a gas, tuwo da ganda a gawayi.

Af, tunda na ɗauki biro: don Allah ku ja kunnen yaron da ke sa kiɗa a ƙarƙashin sanarwar rasuwa. Ranar Talata ana karanta rasuwar wani dattijon unguwarmu, ganga na tashi a baya, ko lokacin jana'izar ban ji ba.

Naku mai saurare kullum,
daga unguwar Yelwa, Garwa.